Gaisuwar da Na Kasa Yi wa Baffa Sale

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaishe ka da aiki. Ni kafinta ne a unguwar Turaki, nan Jalingo.

Saboda gasar ƙwallon Afirka na sa aka kawo mini doguwar gora daga garin Mutum Biyu don in ɗaura eriyar talabijin. Ina saman kwano ke nan sai labari ya zo cewa gwamnatin soja ta janye 'yan wasanmu, don ta ji haushin yadda ƙasashen waje suka matsa mata kan tsare mutane da kisa. Na sauko ina ta zagin ƙasashen. Ina ruwan ƙwallo da siyasa?

Maƙwabcina Baffa Sale ne ya riƙe mini tsani. Ɗansa malamin makaranta ne, jami'an tsaro sun tafi da shi tun da damina. Mu a unguwa, saboda tsoro, cewa muke ya yi tafiya. Kullum gaisuwata ita ce, "Baffa, ya labarin matafiyi?"

Da na gama zagin, sai Baffa ya ce, "Ɗana, wata shida kuna ce mini tafiya ya yi. Waɗanda kake zagi ba su ma san shi ba, amma su ne suka kira abin da sunansa."

Ba zan ɓoye ba, har yanzu rashin ƙwallon nan na ci mini rai. Amma masu sauraro, ku ba ni shawara: gobe da safe idan na fito na tarar da Baffa a ƙofar gidansa, me zan ce masa?