Kwamfutar da Sai-Gobe Ya Bari

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya ba mu aron bawanSa, kuma Ya karɓi abinSa.

Malam liman, shugaban ƙungiyarmu ta masu gyaran kwamfuta da waya, shugabar makarantar unguwa, ma'aikatan asibiti. Inna, mahaifiyar mamaci. Maman 'Yan Biyu, matarsa. Ƙaninsa da 'ya'yansa. Maƙwabta da abokan arziki, assalamu alaikum.

'Yan layinmu sun ce ni zan yi magana, saboda shagona ne manne da nasa. Ta bangon da ya raba mu na sha jin tarinsa da rediyonsa, na kuma sha jin faɗan da masu kaya ke yi masa.

Ya kasance mai jinkiri, wannan ba zan rufe muku ba. Aikin da ni zan gama kafin mai kaya ya gama gaisuwa, shi sai ya kara kunne jikin kwamfuta, ya saurari fankarta, ya ce, "Dawo gobe." A nan ya samo sunan Sai-Gobe. Na taɓa ce masa, "Kai da hawainiya wa ya koya wa wani tafiya?" Ya ce, "Maƙwabci, ka taɓa ganin hawainiya ta yi tuntuɓe?"

Ya kasance mai zuwa inda ba a aika masa ba. Shugabar makaranta tana nan, ta san wanda ya tattara tsofaffin kwamfutocin da aka jibge a sito, ya busa musu rai har yara suka samu na koyo. 'Yan asibiti sun san wanda ke ajiye aikinsa ya rugo in tasu ta tsaya, marasa lafiya na kan layi.

Amma abin da ya tsayar da ni gabanku ya faru ne bayan rasuwarsa, kuma sai da na nemi izinin Maman 'Yan Biyu kafin in faɗa.

Da jiki ya yi tsanani a asibiti, ya jawo ta kusa ya raɗa mata kalmar sirrin kwamfutarsa, inda hotunan yaransu suke tun suna zanen goyo. Murya ta riga ta dushe. Daga ita bai ƙara wata magana ba.

Da aka share makoki ta kunna kwamfutar. Sunansa ya fito, ta rubuta kalmar. Allon ya yi baƙi, ya yi kamar zai buɗe, sai ga ta an mayar da ita inda ta fara, ana tambayarta kalmar. Ta sake, haka. Ta gwada da manyan baƙaƙe, ta gwada da ƙanana. Ƙaninsa, da kyakkyawar niyya, ya ce tunda an manta, a yi mata fomatin, wato a goge komai, ko yara sa samu ta karatu. Ta rungumo ta a mayafi ta kawo min, ta ƙi zama.

Ta ce, "Abu ɗaya ya bar min in riƙe, shi ma na kasa. Ina kuka lokacin, ban ji shi da kyau ba. Ka goge kawai."

Wallahi sai da zuciyata ta karye. Na ce, "Maman 'Yan Biyu, zauna. In kin rubuta, tana ce miki kin yi kuskure?"

Ta ce, "Ba ta cewa komai. Koro ni take yi."

Jama'a, kwamfutar da aka ba wa kalmar da ba daidai ba faɗa take yi, ba ta ɓoyewa. Wadda ta yi shiru, ta yi baƙi, ta dawo, ta karɓa ke nan, wani abu ne a ciki ya hana ta shimfiɗa allonta. Na danna maɓallan Ctrl da Alt da F3 tare, ya kai mu baƙin allon da ba hoto, sai rubutu. Na sa sunansa, na tura mata kwamfutar, na juya baya. Ta fara dannawa, ta tsaya.

"Ba abin da ke fitowa."

Na ce, "Haka yake, a nan ba ya nunawa. Ci gaba, ki danna babban maɓallin."

Ta danna. Ya buɗe.

Na duba cikin kwamfutar, ma'ajiyarta ta cika maƙil, ko wurin saka allura babu, shi ya sa take korar mai shiga. Na nemo abin da ya cika ta. Jakunkunan adana hotuna da takardu ne jere a cikinta, kowace da sunan da ya san mai ita da shi: Tela, Malamar Lissafi, Direban Asibiti, Mai Kantin Littattafai, Ango Mai Gaggawa. Ashe duk kwamfutar da aka kawo masa, ba ya taɓa ta sai ya kwafe kayan mai ita ya adana, don kada gyara ya zo da tsautsayi. Goben da yake sa mu jira ke nan. Mu muna yi masa dariya, shi yana gadin hotunan aurenmu da takardun 'ya'yanmu. Har ni mai tsokanar, tawa tana nan, ya rubuta mata Maƙwabci Mai Baki.

Ban buɗe ta kowa ba. Na kwashe su zuwa wata ma'ajiyar, na sake kunnawa. Ta rubuta kalmar da hannunta, allon ya buɗe, ga 'yan biyu suna dariya ba haƙori. Ba su ta fara kallo ba. Yatsunta ta ƙura wa ido, ta ce a hankali, "Ashe na ji shi daidai."

Kin ji shi daidai, Maman 'Yan Biyu. Tun ranar farko daidai kike rubutawa, harafi ɗaya ba ki zubar ba. Ki daina ɗora wa kanki laifi.

Inna, ɗan da kika haifa ya riƙe amanar da ba wanda ya san ya ba shi. 'Yan biyu, in an tambaye ku sana'ar babanku, ku faɗa da ƙarfi. Ku kuma da kuka taɓa kai masa gyara, ajiyarku tana shagona, kowa ya zo ya karɓi tasa.

Mun gode wa duk wanda ya taka ƙafa ya zo, da waɗanda suka yi jinya tare da mu. Ya Allah, bawanKa ya tsare wa mutane abin da suke tsoron rasawa, Ka tsare masa iyalinsa. Ka yafe masa, Ka yalwata makwancinsa, Ka sanyaya zuciyar Inna da ta matarsa. Idan ya iso ƙofar rahamarKa, kada a mayar da shi baya. Amin.