Gwaten Sati Guda

Fiddausi ta mayar da dankalin turawa, ta ɗauki yakuwa da gauta. Ranar Asabar ce a kasuwar Farin Gada, wata dattijuwa na gefenta tana kallo.

"'Yata, kayan gwate kaɗai?"

"Na sati guda, Mama, a ƙananan robobi bakwai. Likita ya ce sai na rage kilo goma kafin tiyatar rage tumbi."

"Gwate a firij? Mu a Kwararafa da zafinsa muke sha, mu takwas a ƙwarya ɗaya."

"Mu ma haka. Innata kan buge min hannu, wai in rage wa ƙannena. Yanzu babu mai buge min."

"Saura nawa?"

"Huɗu. Ranar Talata za a sake auna ni."