Darasi a Fadamar Albasa

A tashar Jega muna jiran motar Maiyama ta cika, wani dattijo ya dubi matar da ke gefensa.

"Ɗiyata, wanga murmushi hwa?"

"Na ci koyarwar gwaji, Baba. Ita kaɗai ta rage in zama malamar firamare."

"Koyar da yara har da jarrabawa?"

"Sosai! Ranar da mai dubawa daga kwaleji ya zo Karaye, ajina ba kowa, an kwashe su cirar albasa. In ban koyar ba, sai baɗi. Na ja shi fadama, munka yi darasin can."

"Ashe ke ce anka ce ta tsai da min aiki!"

"Gonarka ce? Yi haƙuri, Baba."

"Haƙurin mi? Ki dawo mana Karaye, Malama. Amma ki bari mu gama cira."