Kiran da Na Kashe a Yendi

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Ceto.

Ni ce Ladi, matar Ishaya mai kula da sito na hatsi a Salaga. Ban yi nisa a makaranta ba, ku yi haƙuri da rubutuna.

Maigidana ya daɗe yana neman shiga karatun digiri na biyu a fannin kasuwanci. Makarantar ta taɓa ƙin ɗaukarsa. Wannan karo ya ce in bai samu ba, ya haƙura ke nan. Ya ba su lambata tare da tasa, domin ƙauyukan da yake zuwa sayen masara waya ba ta shiga.

Lokacin ina jego. Da Bawku zan je wanka wurin mahaifiyata, amma hanya ba lafiya, sai aka kai ni Yendi wurin Mama, uwar mijina. Tun da na haihu ba na jin komai. Ina ba yarinya nono, ina kallon bango. In ta yi barci, in kai yatsa hancinta in ji ko tana numfashi.

Wata safiya wani ya kira da Turanci, da ladabi sosai. Mu dai abin da muka sani, mai ladabi a waya ɓarawon momo ne, wato kuɗin da ake ajiyewa a waya. Na kashe. Ya sake kira, na ce, "Je ka nemi aiki," na kashe.

Mama tana tankaɗe ta ce, "Ya tambayi lambar sirri?"

"A'a, sunan Ishaya ya ambata."

"Me Ishaya yake da shi da za a sata? Ladi, makaranta ce!"

Na kira, ba a ɗauka ba. Ko hawaye bai zo ba. Ina zaune kamar turmi.

Mama ta ja ni muka durƙusa, hannunta duk gari. Ta yi ta addu'a. Ni abin da ya fito kawai shi ne, "Yesu, ba ni da magana. Ga waya."

Da yamma wayar ta yi ƙara. Mutumin ne! Ashe yana jin Hausa. Ya ce, "Madam, ni ina da aiki. Mijinki ne muke nema, za mu yi masa tambayoyi."

Sun yi masa, sun ɗauke shi. Halleluya!

Ba zan yi ƙarya a gidan Allah ba, zuciyata ba ta gama dawowa ba tukuna. Amma ranar na yi dariya, har na tsorata da muryata.

Na gode wa Ubangiji. 'Yar'uwa, ko bakinki ya mutu, durƙusa haka nan. Yana ji. Amin.