Ƙuri'ar Nwakaego

A tashar motar Inugu, washegarin zaɓen kansiloli, tsohuwa Nwakaego tana zaune da kwandon okparta, wato alalar gurjiya, tana jiran mota ta cika. Wani mahaƙin kwal da ke gefenta ya naɗe jarida, bakinsa har kunne.

"Mama, Ugwueze ya ci unguwarmu! Yanzu za a zuƙe ruwan da ya cika ramukan kwal, mu koma aiki."

"Da bakinsa zai zuƙe?"

"Haba Mama! Ai yaƙin basasa ya wuce. An ce ba wanda ya ci, ba wanda aka ci."

"Waɗanda 'ya'yansu suka dawo ke faɗin haka." Ta dube shi sama da ƙasa. "Kana ina lokacin da Ugwueze ke bin kasuwa da mota, yana kwasar samari zuwa bakin daga?"

Mutumin ya sunkuyar da kai. "Ina ɓoye a rufin ɗakin uwata."

"Ta yi dabara. Ni gishiri na aiki nawa ɗan, Obiechina, ya sayo, har yau bai dawo ba."

"Ayya, sannu. Ashe ke abokin takararsa kika jefa wa ƙuri'a."

"Ugwueze na jefa wa. Har maƙwabtana na ja."

"Ke, Mama?"

"Tun ƙarewar yaƙi nake zuwa ƙofar gidansa, maigadi da karnuka suna korata. Amma kansila, ɗana, dole ya zauna a ofis ya saurari talakawansa. Ranar Litinin ni ce ta farko a benci. Ba famfo zan roƙa ba. Zai dube ni ya faɗi dajin da ya bar Obiechina, in je in kwaso abin da ya saura."