Ɗakin Gilashin Iya Mojoko Ba Zai Rushe Ba

Mai girma Sarkin garinmu, Fasto da dattawan majami'a, Shugaban hukumar lambu da na hango a layin gaba, Mola Ewome mijin marigayiya, 'ya'yanta Namondo da Njie, jama'ar Buea baki ɗaya, ina gaishe ku. Sannunmu da rashi.

Ni ne Ngale, mai ban ruwa a ɗakin gilashi na lambun garin nan, inda ake renon furanni. Shekara ashirin da shida ina shan faɗan Iya Mojoko Lyonga, shi ya sa aka ce ni zan yi magana.

Ta kasance mai ɗaukar hoton furanni, musamman okid, waɗannan da ke maƙale a jikin itatuwan dutsenmu. Kun san zafin ɗakin nan da gumi, ga ta da ciwon ƙirji. Haka za ta durƙusa, tana goge idon kyamara da bakin zani, tana jiran fure ya buɗe. Akwai wanda bai fi farce girma ba, kwana goma sha ɗaya tana zarya a kansa. Ran da ya buɗe na leƙo, sai ta ce, "Ngale, janye ƙaton kan nan naka, ka tare mana haske!"

Na ce, "Iya, wai furen nan kike aure ko Ewome?"

Ta ce, "Ewome yana gida yana cin kwakoko, tuwon gwazarsa, gobe ma yana nan. Wannan kafin la'asar ya tafi."

Mola Ewome, ka yi dariya, don kai ma a gabanka ta sha faɗin haka.

Ta kasance marar tsoro. Shekarar da wani kamfanin katako ya shiga dajin da ke saman ƙauyensu, ita kaɗai ta bi bayan masu sara. Itace na faɗuwa, tana ciro okid daga rassansa, ta ɗauki hoto, ta rubuta rana da wuri, ta sa a kwando ta kawo mini. Wani cikinsu ya ce mata, "Tsohuwa, matsa kada itace ya danne ki." Ta ce, "Idan ya danne ni, ga kyamara, ka ɗauka da kyau." Da magana ta kai kotu, lauyansu ya ce babu komai a dajin sai ciyawa. Ta zube hotuna ɗari huɗu a kan tebur. Alƙali ya yini yana dubawa, aka dakatar da saran. Ruwan da kuke sha yau daga dajin nan yake gangarowa.

Ta kasance tana kwance a asibiti lokacin da takarda ta zo daga hukumar lambu, wai ranar Litinin ɗin nan mai zuwa za a rushe ɗakin gilashi a yi wurin ajiye motocin baƙi. Na ɓoye mata, ta gane daga fuskata. Ta karɓi takardar ta karanta, ta ce, "Ngale, baƙin da za su ajiye motar, me za su shigo su gani?"

Ranka ya daɗe Shugaba, tambayar nan taka ce. Kai ka sa hannu, kai muke jira ka amsa. Cikin tukwanen furannin da ke ɗakin nan akwai irin da itacensa ya daɗe da zama ƙofar gidan wani a ƙasar waje. In sun mutu, sun mutu ke nan.

Namondo, Njie, ku share hawaye. Uwarku ba ta bar ku ku kaɗai ba. Mu masu ban ruwa, da matan kasuwa, da mawaƙan majami'a mun gama shawara: Litinin da ƙarfe bakwai muna cikin ɗakin nan, kowa da tukunya a cinya. Mai rusau ya zo ya dube mu ido da ido.

Mun gode wa duk wanda ya tako, da matan da suka dafa abinci. Ubangiji Ya ba Iya Mojoko hutu, Ya sanyaya zuciyar iyalinta. Mu kuma, ya Ubangiji, kada Ka bari mu ja da baya ranar Litinin. Amin.