Yadda Na Durƙusa wa Masu Wankin Babur

Salama gare ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu, dattawa da mata masu zumunta, har da matasan kujerar baya masu latsa waya suna cewa waƙa suke nema.

Ni ne Ayuba, tsohon nan na bayan kasuwar Rogo. Fasto ya ce in rubuta shaidar nan a takarda, wai in aka bar ni da baki sai rana ta faɗi ban fito daga gaisuwa ba. To, na rubuta. Karatuna bai wuce rabin firamare ba, saboda haka wanda ya ga harafi ya karkace, ya miƙe shi a zuciyarsa.

Gidan da ke manne da nawa na wani bawan Allah ne da ya koma Kano da zama. Lokacin da yake nan, ko kallon banza bai taɓa haɗa mu ba. Da Sallah nama ya shigo mana, da Kirsimeti shinkafa ta shiga musu. Da ya tashi sai ya zuba 'yan haya, samari gwauraye masu acaba. Babbansu wani dogo ne mai suna Sale, daga wajen Yammedi.

Allah ya sani ban ƙi su ba. Kiɗan da suke saki tun hantsi na haƙura da shi, dama kunnena ɗaya ya daɗe da ajiye aiki. Rashin gaisuwa ma na haɗiye, ko da yake sukan wuce ni a ƙofar gida kamar sun wuce turmi.

Abin da ya ƙi haɗiyuwa shi ne ruwa. Akwai rijiya a gidan, sai suka mai da tsakar gida wurin wankin babur: nasu, da na abokansu, da na duk wanda ya kawo. Rariyar gidan ta toshe da leda da baƙin mai. Maimakon su yashe ta, sai suka bar ruwa yana kwanciya a gindin katanga. Katangar nan ta ƙasa ce, mahaifina ya gina ta, kuma ita ce bangon bayan ɗakin matata Saratu.

Bango ya jiƙe har gwiwa. Yaɓe ya fara zubowa, tsaga ta fito wadda ɗan yatsa ke shiga. Ga shi bazara ta yi nisa, hadari ya soma leƙowa daga gabas. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙasar gini ya san ruwan farko mai ƙarfi zai kwantar da ɗakin.

Saratu ta kwashe kwanukanta ta dawo ɗakina. 'Yan'uwa, ina ƙaunar matata, amma ban san tana da kwano haka ba sai da na rasa inda zan miƙe ƙafa. Ɗanmu na Kano kuma ya bugo waya ya ce, “Baba, ɗakin nan yana faɗuwa zan turo mota ku dawo wurina. Ba zan jira bango ya danne Mama ba.” Na taɓa zuwa gidan nasa. Bene ne, ko kaza ba ta da wurin tono. Na ce a raina gawata ce kaɗai za ta bar gidan ubana.

Na bi hanya yadda aka saba, na kai kuka wurin mai unguwa. Ya tara su. Amma gidan gwauraye ba shi da maigida, duk wanda ka kama sai ya ce na ɗakin can ne. Sale ya ce, “Ranka ya daɗe, mu haya muke, gyara na mai gida ne.” Aka kira mai gida a waya, ya ce yana nan tafe. Ina jin ta Makka ya biyo, don har yau bai iso ba. Mai unguwa ya ce a yi haƙuri. Na ce na ji, amma wa zai gaya wa bangon?

Daga nan zuciya ta hau ni. Addu'ata ta koma zagi mai amin a ƙarshe. In ce, ya Ubangiji, ka fasa musu taya, ka sa rijiyar ta ƙafe. Ran Lahadi ina nan tare da ku, baki na waƙa, zuciya na can tana auna ƙeyar Sale. Har tsohuwar gorata na ɗauko na shafa mata mai.

Saratu ta dube ni ta ce, “Maigida, wa za ka doka? Kai da sai ka dafa bango kake sa wando?”

Maganar ta yi mini zafi don gaskiya ce. Da safe na je na tsaya a gaban tsagar, na ɗora hannu a kan jiƙaƙƙen bango, na ce, “Ya Uba, gidan nan dai ba zan bar shi ba. Ba na kuma so in shiga hannun hukuma da furfura. Ƙarfi ya tafi, mai unguwa ya gaji. Ka nuna mini abin da ya rage mini.” Ina tsaye hawaye na zuba, sai na tuna yadda Ubangijinmu ya sunkuya ya wanke ƙafafun mabiyansa, shi da yake babbansu. Na ce, “Ubangiji, wanki dai a'a, ruwan ya isa haka. Amma durƙuso, wannan ina da shi.”

Washegari na sa babbar rigata ta zuwa majami'a, na karya hula. Na jira har layi ya cika, mai koko ta kafa, masu babura sun jeru. Na yi sallama a ƙofarsu, Sale ya fito da soso a hannu. Sai na zube har ƙasa, kamar yadda ɗa ke gaida ubansa.

“Ranka ya daɗe, an tashi lafiya? Ina gajiya? Yaya aiki? Yaya mutanen Yammedi? Ruwan da aka aiko mana jiya ya iso lafiya, mun gode.”

Ya waiga baya yana neman wanda nake gaisarwa. Ya ce, “Baba, mene ne haka? Tashi mana.”

Na ce, “Ban gama ba, ranka ya daɗe, saura ƙannenka.” Na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Da farko dariya suka yi har da riƙe ciki. Na koma washegari, na sake komawa. Sai dariyar ta fara ramewa. Kun san ƙasarmu: yaro ke durƙusa wa babba. Mai farin gemu ya durƙusa wa saurayi a bainar jama'a, kaya ne aka ɗora wa saurayin da ba ya saukuwa. Wani mai babur ya ce, “Ni ba za a wanke mini mashin tsoho na durƙushe a gabana ba,” ya tayar ya tafi da ƙurarsa. Mai unguwa ya same ni ya ce, “Malam Ayuba, kana zubar mana da girma.” Na ce, “Ranka ya daɗe, girman da bai tare ruwa ba, gara in zuba shi ko ya yi cikon rami.” Saratu kuwa ta daina zuwa wurin niƙa, wai mata na nuna ta da baki.

Ga abin da Allah ya yi a cikina. Na fara ne da guntun mugunta, ina so kunya ta cinye su. Amma ba ya yiwuwa ka tambayi lafiyar mutum kowace safiya ba ka fara son jin amsa ba. Na ga ƙaraminsu yana ɗingishi, salansar babur ta ƙone shi, na kai masa man kaɗanya. Wata rana na kama bakina yana roƙa musu tsari a hanya, ni da na roƙa musu fashewar taya.

Su kuma suka shiga gudu na. Sale ya riƙa ɓuya a ɗaki. In durƙusa a bakin taga in gaishe shi ta nan. Bango kuwa yana nan yana shan ruwansa, hadari yana ƙara matsowa.

Ranar kasuwa na durƙusa kamar kullum, na gama gaisuwa, na ce wa gwiwa mu tashi, ta ce ba da ita ba. Ina nan ina fama sai ga ɗan acaba ya sauke wata 'yar tsohuwa da ƙullin daddawa a hannu. Mahaifiyar Sale ce. Ashe matan Yammedi masu zuwa cin kasuwa sun kai mata labari. Sale ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa.

Ta juya wajen tagarsa ta ce, “Kai, fito nan. Ashe abin da aka gaya mini na ƙaryata gaskiya ne?”

Ta ajiye daddawa ta zube a gabana, cikin taɓon nan mai kumfa. “Baba, ka yafe mini. Ni na haife shi.”

Na ce, “Inna, tashi don Allah.”

Ta ce, “Sai ka tashi.”

Na ce, “Ai ni da zan iya da tuni na tashi.”

Tsofaffi biyu a ƙasa, babu mai iya ɗaga wani. Sale ne ya fito ya ciccibe mu. Ta ce a nuna mata bangon. Ta sa yatsa a tsagar. Ta ɗauki fartanya a zaurena, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta shiga gidansu ta fara saran bakin rariya.

Sale ya ce, “Inna, don Allah kawo.”

Ta ce, “Bar ni. Ai ban haifi mai yi ba.”

Ya karɓe fartanyar yana share ido da kafaɗa. Kafin azahar sun yashe rariya, sun janyo ledar da za ta cika buhu, ruwa ya kama hanyarsa zuwa kwata. Wankin babur ya koma bakin titi. Da bango ya sha iska suka kwaɓa ƙasa tare da matasanmu na nan, suka cike tsaga, suka jera duwatsu a gindi. Ni aikina zama a inuwa ina gyara musu kuskure.

Ruwan farko ya sauko da la'asar, da iska har tana kwashe rufin wasu. Na shiga ɗakin Saratu na jingina bayana da bangon, tana tsaye a ƙofa tana cewa in fito kada in mai da ita gwauruwa. Aka yi ruwa aka ɗauke. Bango yana tsaye, bayan rigata a bushe. Na kira ɗana na ce ya bar motarsa ta huta. Yabo ga Yesu!

Ba zan yi muku ƙarya a gidan Allah ba, kiɗa har yanzu ana yi, a ci gaba da sa mu a addu'a. Amma Sale yana hango ni daga nesa yake ƙwala gaisuwa, yana tsoron kada in riga shi.

Na gode wa Ubangiji da ya tsayar mini da gida, ya kuma karɓe gora daga hannuna. Kai mai fama da maƙwabci, kada ka tattara kayanka, kada kuma ka nemi sanda. Kai kukanka gare shi, ka tsaya daram, zai nuna maka abin da ya rage a hannunka. Sai dai ka tambaye shi tukuna kafin ka kwaikwaye ni, don ba kowace gwiwa ce ke tashi ba.

Alherin Yesu ya zauna a gidajenku, da gidajen da ke manne da naku. Amin.